Mayar da motar kaya ta zama motar zango: tambayoyi da amsoshi

Masu son tafiya da mota su kwana a cikinta duk inda dare ya yi musu, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Yawanci sukan fara da launin katako da fitilun ado, alhali abin da ke sa motar ta yi daɗin zama ko ta zama wahala yana ɓoye ne a bayan bango da ƙarƙashin daɓe: nauyi, iska, wutar lantarki da gas. Shi ya sa amsoshin nan suka fi daɗewa a kan waɗannan.

Wace irin mota ce ta fi dacewa?

Ka fara da tambayar kanka abu biyu: kana so ka miƙe tsaye a ciki? Kuma mutum nawa za su kwana? Ƙananan motoci irin Volkswagen Transporter, wadda aka fara ƙerawa a 1950, da Toyota HiAce, suna shiga lungu, suna samun wurin fakin, ba su shan mai da yawa. Amma a sunkuye za ka yi girki, a zaune za ka sa wando, sai dai in an yanka rufin an sa mai ɗagawa. Manya irin Mercedes-Benz Sprinter, Ford Transit da Fiat Ducato suna da masu dogon rufi da mutum zai tsaya cak.

Ducato, tare da 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, da Ram ProMaster ta Amurka, tana da faɗin ciki kusan mita 1.87, ta fi Sprinter da kimanin santimita takwas. Wannan ɗan bambancin ne ke ba mutum matsakaicin tsawo damar kwanciya a gicciye, ya bar tsawon motar ga kicin da wurin zama. A ganina, abin da ya fi duk waɗannan shi ne ka zaɓi motar da makanikai suka sani, kuma ake samun kayan gyaranta a yankin da za ka yi yawo da ita.

Idan tsohuwa zan saya, me zan duba?

Tsatsa kafin komai. Inji ana gyarawa, ana ma sauyawa, amma jikin da tsatsa ta ci daga ƙasa ba ya riƙe gini. Ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ka duba bakin tayoyi, ƙasan ƙofofi, matakala, da wurin da ake sa jak. Ka ɗaga shimfiɗar daɓen in akwai. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne. Ka nemi takardun sabis, ka tayar da ita da sanyin safiya kafin mai ita ya ɗumama injin. Idan kuma za ka shiga biranen Turai, ka duba matakin hayaƙinta: a Landan motar dizal da ba ta kai ma'aunin hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan kuɗi kullum a ULEZ, yankin da ake taƙaita hayaƙin motoci, Faransa da Jamus ma suna da tambarin da ake liƙawa a gilashi kafin shiga wasu birane.

Daga ina ake fara tsara cikin motar?

Daga kwana a cikinta tun tana wayam. Ka jefa katifa, jarkar ruwa da ƙaramin risho, ka yi 'yan tafiye-tafiye haka. A nan za ka gane ta wace ƙofa kake shiga, ina kake ajiye takalmi mai laka, ko kana girki a ciki ko a waje, da inda kanka ke buguwa. Bayan haka ka zana tsarin a daɓe da salatif, ka yi gado da kabad na kwali, ka zagaya a tsakaninsu. Kwali in bai yi ba sai a yaga a sake, katakon da aka riga aka yanka kuwa ya tafi.

Babbar shawarar da za ka yanke ita ce gado: kafaffe ko mai naɗewa. Kafaffe yana cin wuri, amma ƙarƙashinsa ya zama rumbun ajiya, kuma in ka iso a gajiye sai kwanciya kawai. Mai naɗewa yana ba ka falo da rana, sai dai kullum safe da dare akwai aikin ɗaga shimfiɗa. Mai tafiyar kwana biyu zai jure wannan, mai zaman wata uku zai gaji da shi.

Me ya sa ake yawan maganar nauyi?

Domin shi ne iyakar da ba a ƙetarewa, kuma shi ne aka fi mantawa. Kowace mota tana da ƙaramin allo, galibi a jikin ƙofar direba ko a gidan inji, mai ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda ta kai da lodi, da iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. A Turai da Birtaniya lasisin ƙaramar mota yana tsayawa a kilo 3,500. Babbar motar kaya tun babu komai a ciki ta wuce tan biyu. Abin da ya saura shi ne za ka raba tsakanin katako, batir, ruwa, gas, kaya, da ku kanku mutanen.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya kai nauyin ƙaton mutum. Katako mai kauri a bango da rufi yana da kyau a hoto, amma yana cinye kilo ba ka sani ba. Ka kai motar sikelin manyan motoci sau biyu: kafin ka fara aiki, da bayan ka gama, tanki cike da mai da ruwa, kowa a kujerarsa. Motar da ta wuce nauyi birkinta ba ya kamawa da wuri, tayoyinta suna zafi, ga tara, ga kamfanin inshora da zai iya ƙin biya in an yi hatsari.

Wurin da aka ɗora nauyin ma magana ce. Masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a raba hagu da dama. Kabad na sama na tufafi ne, ba na tukwane ba. Kuma duk abin da ka gina ka ɗaure shi da jikin ƙarfen motar da noti, kada ka dogara da 'yan kusoshi a katako. A karo mai ƙarfi batir ko firjin da ya tsinke yana tahowa ne kai tsaye wajen ƙeyar direba.

Dole ne a rufe bango da abin kare zafi da sanyi?

Dole ne, amma ka san aikinsa. Yana rage saurin shigar zafi da fitarsa, ba ya sanyaya mota. Motar da ta wuni a rana za ta yi zafi ko da me ka rufe ta. Inuwa, farin fenti, labulen gilashi mai mayar da haske da fanka su ne maganin wannan.

Abokin gaba na gaske shi ne damshi. Numfashin mutum biyu cikin dare da tururin tukunya suna taruwa a kan ƙarfe mai sanyi su zama raɓa. Da safe za ka gan ta tana gangara a gilashin gaba. Wadda ba ka gani tana bayan bango, tana haifar da tsatsa da funfuna. Gas ɗin girki ma yana ƙarawa: kilo ɗaya na furofen in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Ana amfani da allon kumfa mai tauri a daɓe da wurare masu faɗi, ulun tumaki ko auduga ta roba irin Thinsulate a lunguna, ko kumfar roba mai liƙewa a jikin ƙarfe. Kowanne ka zaɓa, kada ka toshe ƙananan ramukan da kamfani ya bari a ƙasan bango da ƙofofi don ruwa ya fita.

Fankar rufi, wadda akasari ake yanka mata rami mai santimita 40 kowane gefe, ita ce abu na farko da zan sa a kowace mota. Amma sai iska ta samu mashiga sannan fanka ke aiki, don haka a bar taga ko ƙaramar kafa a ɗaya ƙarshen. A sa katifa a kan katakai masu tazara domin ƙasanta ya sha iska. Duk ramin da ka huda a ƙarfe, ka share garin ƙarfen nan take, ka shafa fentin hana tsatsa a bakinsa.

Batir da sola nawa nake buƙata?

Ba wanda zai faɗa maka sai ka yi lissafi. Ka rubuta duk abin da zai ja wuta da awowin da zai yi. A matsayin misali, a ce firji ya ci amfa-awa (ma'aunin wutar da ake ja daga batir) 40 a wuni, fanka 15, fitilu 5, cajin waya da kwamfuta 20: jimla 80. Batirin gubar dalma, har da irin AGM, ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, don haka mai lamba 100 hamsin kawai zai ba ka. Na litiyam irin LiFePO4 yana ba da kusan duka abin da ke cikinsa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kuma yana daɗewa. Sai dai ba a yi masa caji in sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifili, sai in yana da abin ɗumama kansa.

Sola tana aiki ne da rana mai kyau. Farantin wat 200 a kan rufi zai iya mayar da abin da misalin nan ya ci a yini mai haske, amma da hadari, ko ƙura, ko in ka fake a inuwar bishiya don gudun zafi, abin da zai kawo kaɗan ne. Na'urar caji irin MPPT ta fi PWM tatso wuta daga faranti. Ga mai yawan tuƙi, caji daga injin mota ya fi sola tabbas, kuma a sababbin motoci sai an sa na'urar daidaita caji ta DC-DC tsakanin injin da batirin, musamman da batirin litiyam.

Abin da ke kawo zafi shi ne mai cinye batir. Butar lantarki mai wat 2,000, in aka ja ta ta inbata daga batirin bolt 12, tana jan amfa kusan 170. Wayar da za ta ɗauki wannan ta kai kaurin yatsa. Nan ne ake samun gobara: siririyar waya, mahaɗa mai sako-sako, ko rashin fis. Kowace waya da ta fito daga batir a sa mata fis kusa da batirin, daidai da kaurin wayar. A yi amfani da waya mai silili da yawa, domin mai tsinke ɗaya irin ta gida tana karyewa da jijjigar hanya. Inda waya ta ratsa ƙarfe kuma a sa mata roba.

Gas da hita fa, akwai haɗari?

Akwai, kuma a nan ba a wasa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa ake ajiye tukunyarsa a tsaye, a ɗaure, cikin akwati rufaffe mai rami a ƙasa da ya ɓulle waje. A rufe ta kafin a tuƙa. Gas irin butan yana daina fitowa in sanyi ya kusa sifili, furofen kuwa yana aiki har digiri 42 ƙasa da sifili, don haka mai zuwa ƙasar sanyi furofen zai nema.

Kada ka taɓa ɗumama mota da risho, kada ka shigo da garwashi ko da ya yi kamar ya mutu, a mota ko a tanti. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri take farawa da su, mai barci kuma ba ya farkawa. Na'urar da ke yin ƙara in ta ji wannan iska ba ta fi tafin hannu ba, kuma bai kamata a kwana a mota ko dare ɗaya babu ita ba.

Hitar dizal, irin ta Webasto da Eberspächer, tana ƙona mai a rufaffen ɗaki, hayaƙin ya fita ta ƙasan mota, busasshen ɗumi ya shigo. Ƙaramar mai kilowat biyu ba ta wuce kwatan lita a awa. A nisantar da bakin salansarta daga taga da ƙofa, a riƙa ƙure ta lokaci-lokaci don ta ƙone kunkunniya.

Tankin ruwa ko jarka? Kuma ya batun banɗaki?

Jarkoki biyu na lita 20 a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ɗaya ta ruwa mai tsabta ɗaya ta ƙazanta, sun ishi mutane da yawa. Ana cire su a cika, ana iya wanke cikinsu, ba su da abin lalacewa. Babban tanki da famfon lantarki na mai dogon zama ne. Ruwan da ya daɗe a tanki da ɗumi yana tara ƙwayoyin cuta, don haka a zubar in an dawo gida.

Banɗaki kuwa, ko ba ka son maganar, ka tanada. Akwai mai ƙaramin tanki da ake zuba wa magani, wanda ake juyewa a wurin da aka keɓe kawai, akwai kuma mai raba fitsari da bayan gida, wanda ba ya buƙatar ruwa, kuma warinsa kaɗan ne in ana juye fitsarin kullum.

In gina wurin wanka a ciki?

A ƙaramar mota, a'a. Yana cin wuri, ruwa da nauyi, yana cika mota da tururi. Labule a tsakanin ƙofofin baya da bokiti ko ƙaramar shawa mai famfo sun biya buƙata.

Za a iya ɗaukar fasinja a baya?

Sai a kujerar da aka gwada, mai bel, wadda aka kafe ta a ƙarfen motar yadda doka ta tanada. Bencin katako da ka ƙera na zama ne in an tsaya. Ba a tafiya da mutum a kwance a gado, balle yaro. Idan iyalinka huɗu ne, kujeru huɗu masu bel su ne farkon zanenka, sauran abubuwa su bi bayansu.

Akwai takardun da zan sauya?

Ya danganta da ƙasa. A Birtaniya hukumar rajistar motoci ta DVLA ce ke duba neman sauya bayanin mota, a Jamus sai masu binciken mota irin TÜV sun gani, a Faransa akwai rajistar VASP da ta haɗa da duba gas da hanyar iska. Ka karanta ƙa'idar ƙasarka kafin ka yanka ƙarfe, domin wasu sharuɗɗan sun shafi taga, gado da wurin girki. Kamfanin inshora kuma a sanar da shi duk abin da aka canza.

Waɗanne kayan zango ne ba a tafiya babu su?

Na farko kayan tsira: tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai daga gado da kuma daga ƙofa, bargon kashe wutar mai a kusa da murhu, da akwatin taimakon gaggawa da magungunan da kake sha. Sannan na mota: safayar taya mai iska, jak da zai iya ɗaga motar da lodinta, famfon taya, igiyar ja, ƙaramin shebur, fis na canji, da batirin tayar da inji. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, su ne mako da shekarar da aka yi ta. Tayar motar zango takan tsufa ta tsattsage tun kafin ta suɗe.

Na zaman yau da kullum ba su da yawa. Tocilar goshi ta fi ta hannu, domin hannu biyu kake so in kana canza taya da dare. Ragar sauro a ƙofofi da tagogi ita ce ke ba ka damar barin su a buɗe. Tukunya ɗaya mai murfi, kasko ɗaya, wuƙa mai kaifi, kujeru masu naɗewa, rumfa ko tamfol na inuwa, jakunkunan shara, da matatar ruwa in za ka yi nisa da gari. Akwai kuma 'yan matakalan roba da ake hawa da taya don daidaita mota a gangare. Ana raina su, amma mai kwana kai a ƙasa ƙafa a sama ba ya tashi da daɗin jiki, ruwan wanke-wanke ma ba ya gangara daidai.

Sauran kaya ka bari buƙata ta kira su. Abin da ka yi tafiya uku ba ka taɓa ba, in ba na tsira ba ne, a sauke shi.

Yaya ake karanta lambobin jakar barci da tanti?

Jakar barci da aka gwada da ma'aunin ISO 23537 tana zuwa da lambobi uku. Ta farko ita ce sanyin da mai saurin jin sanyi zai yi barci lafiya a cikinsa, kuma da ita ya kamata ka saya. Ta uku, wadda masu talla ke son bugawa da manyan baƙaƙe, ta tsira da rai ce kawai. Mai gashin agwagwa ba ta da nauyi kuma ta fi ɗumi, amma in ta jiƙe ta tashi aiki. Mai zaren roba tana jure damshi. A tanti rabin sanyi daga ƙasa yake shigowa, don haka ka duba lambar R ta shimfiɗa, mai nuna yadda take tare sanyi: 2 ta lokacin ɗumi ce, 4 zuwa sama ta sanyi.

Tanti kuwa ana auna jurewarsa ga ruwa da milimita. Mai 1,500 zai tare ruwan sama matsakaici, mai 3,000 ya fi kwanciyar hankali. Tantin da aka rubuta wa mutum uku, biyu ne za su sake a ciki da kayansu. Ka kafa shi sau ɗaya a gida da rana kafin ka tafi, kuma kada ka naɗe shi a jiƙe ka ajiye.

A ina doka ta yarda a yada zango?

Ba ko'ina ba. A Amurka, yawancin filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnati, suna ba da kwana 14 cikin kwana 28 a wuri ɗaya. Faransa da Jamus suna da wuraren tsayawa da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, da wurin ɗibar ruwa da juye ƙazanta. A Sikotilan 'yancin kafa tanti a daji da dokar 2003 ta bayar bai haɗa da mota ba. Niyu Zilan tana neman shaidar cewa motar tana riƙe ƙazantarta kafin a bar ta ta kwana a wurare da yawa. Inda fili na wani ne, a nemi izini. Ka isa da sauran rana ka ga wurin, ka guji kwarin rafi ko da a bushe yake, ka juya hancin motar wajen mafita, makulli kuma a inda hannu zai same shi cikin duhu.

Wane aiki zan yi da kaina, wanne zan ba ƙwararru?

Rufe bango, daɓe, gado da kabad, mai haƙuri zai koya. Yanka taga da ramin fanka ma ana iyawa, in an auna da kyau an kuma tabbatar ba a yanke ƙashin rufin ba. Wutar bolt 12 za ka iya ja da kanka in ka fahimci kaurin waya da fis, amma a samu wanda ya sani ya duba kafin a rufe bango. Bututun gas, wuta mai ƙarfi irin ta gida, da kafa kujerun fasinja, waɗannan na masu takardar shaida ne.

Jerin aikin ma yana da tsari: a fara da tsatsa da gyaran inji, sai yanke-yanken ƙarfe, sai jan waya da bututu, sai rufe bango, katako ya zo daga baya. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin ka rufe shi, da awo a jiki, domin ranar da za ka kafa ƙugiya ka san inda waya ta bi. Ka kuma bar ƙananan ƙofofi da za a buɗe a kai ga fis, famfo da bayan fitilun mota ba tare da an ɓalle kabad ba.